Gorar Da Ta Huda Jinkar Kaka

Wai a wani gari can an yi wata yarinya mai gaggawar tsiya. Duk ranar da malam ya zana alwatika ya ce a nemo tsayinta, sai ta auna gefen da ya karkace. "Ai ga layi a zane, Malam, me zai sa in ja wani?"

Ran nan hadari ya haɗo, ga jinkar ɗakin kakarta ta lotsa. Kaka ta ce, "Ke uwar gaggawa, auno min gorar da za ta tokare tsakiya."

Yarinya ta bi gangaren jinka daga waje ta auna har ƙasa, ta saro gora. Tana cusa ta, fus! Gora ta huda jinka, ta leƙa sama.

Kaka ta riƙe baki. "Sannu, magina! Taga na ce ki yi min?"

Sai tsohuwa ta ɗaura dutse a igiya, ta sa aka rataya daga ƙololuwar jinka ta ciki. Igiya ta sauko sak har ƙasa. "To, auna wannan."

Yarinya ta auna igiya, ta rage gora, suka toshe ɓula ana yayyafi.

Washegari malam na zana alwatika, ta ɗaga hannu: "Malam, bari in fara sako igiya tukuna."