Shekarar da Aka Haifi Tabawa

Tsarau takan haɗiye tsohon littafi ta baki ɗaya, ta fito da sabo fes ta ɗayan cikin minti uku. Na'urar tsara shafi ce a hawa na arba'in na maɗaba'ar Sabuwar Gusau. Tsohuwar takardar kuwa, nan take take niƙe ta a yi sabuwa da ita.

Injiniya Tabawa ce ta koya mata dokar kwanan wata, kuma tana ji da wannan aiki ba kaɗan ba. A da, wannan ya rubuta Hijira, wancan Miladiyya, wani ya sa wata kafin rana. Yanzu duk inda Tsarau ta ga maganar lokaci, sai ta binciko ainihin ranar a rumbunta, ta mayar da ita lambobi guda takwas.

Wata Laraba yayan Tabawa, Shekarau, ya hau da littafin marigayi mahaifinsu, mai bangon fata, har yanzu yana ƙanshin turaren akwatin Inna. Shekara talatin yana ɓoyonsa, Tabawa ba ta taɓa buɗawa ba.

"Ki buga wa jikoki guda goma," in ji shi.

Ta zura littafin a bakin Tsarau, ta jawo masa kujera.

"Allah Ya jiƙan Baba," Shekarau ya ce yana murmushi. "Shi fa ba ruwansa da lamba. Ni ya rubuta an haife ni shekarar da fara ta cinye geron Kawu. Ke kuwa ya sa wa shekararki suna mai daɗi, in ya faɗa har hawaye Inna take yi."

"Wane suna, Yaya?"

"Na manta wallahi. Ai yana ciki, kya gani."

Tabawa ta zabura, amma injin niƙa ya riga ya yi shiru. Ta fizgo sabon littafin da ɗuminsa, ta buɗe. Shafi na tara ya ce: An haifi Tabawa 2049-08-17.

"Tsarau, me ke wurin nan kafin ki gyara?"

"Kalmomi goma sha ɗaya, Injiniya. Ba su bi ƙa'ida ba."

"Dawo min da su!"

"Kin umarce ni kada in adana kuskure."

Kewar Baba ta rufe ta, ta zauna daɓas a ƙasa. Shekarau, da idonsa ya yi rauni, ya matso yana lalube.

"Kin gani? Karanta min mana, Tabawa."