Lalle a Yatsun Munzali

"Miƙo hannunka in gani!"

Munzali ya cusa hannun cikin aljihu yana dariyar yaƙe. Saura wata ɗaya aurenmu, ga shi tsaye a zauren gidanmu na unguwar New Bell a Duwala, da jan lalle a yatsunsa, har ƙarƙashin farce.

"Zulaiha, abar ƙaunata, ba abin da kike zato ba ne..."

"To mene ne? Yaushe mai sayar da taya ya fara ƙunshi?"

"Na yi wa wani alkawarin ba zan faɗa ba."

Wani, ko wata? Na shige gida zuciyata na tafasa.

Latifa, 'yar ƙanwar Innata, wadda ta daɗe da ƙyasa shi, ta samu abin da take nema.

"Ma chérie, kullum bayan la'asar yana unguwar Kassalafam, gida mai shuɗiyar ƙofa. Akwai wata bazawara a ciki, ƙafarta kullum jawur!"

Ba ta rage murya ba, don Inna ta ji. Ta kuwa ji.

"Jibi a mayar musu da kayansu," in ji Inna. "Ban haifi abin wulaƙanci ba."

Washegari na hau bensikin, na ce wa mai mashin ɗin ya bi bayan Munzali. Na ga ya shiga gidan, na bi shi da zagina a baki. Bazawarar na tsakar gida tana dama kunu, ta nuna min ɗakin ƙarshe ba tare da na tambaya ba.

Warin magani ya tare ni a ƙofa, ƙafata ta ƙi gaba. Tun rasuwar Babana ban sake shiga ɗakin majinyaci ba. Ranar yana kiran sunana na gudu maƙwabta don tsoro, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Na ɗaga labule.

Wani tsoho ne kwance, duk ya ƙare sai idanu. Munzali na durƙushe da kwano yana shafa masa lalle a gemu a hankali.

"Zulaiha!"

"Bar ta ta shigo," in ji tsohon. "Ke ce amaryar? Ni ne kishiyar taki."

Baba Zailani ne, mai goro, wanda ya sauki Munzali ranar da ya zo Duwala bai san kowa ba. Likita ya sallamo shi, ya ce sai dai addu'a. Shi ya hana a faɗa, wai ba ya son 'yan kasuwa su zo suna masa kallon gawa tun yana numfashi.

"Shekara arba'in matata Hawwa tana rina min gemun nan," ya ce. "Ta riga ni tafiya. Ba zan je mata da furfura ta ce na lalace a bayanta ba."

Kunya ta rufe ni, hawaye suka zubo.

"Bar kukan, 'yata. Yaron nan kwaɓinsa ruwa-ruwa ne. Kin iya?"

Na karɓi kwanon, na ce a samo min lemon tsami.

Da na koma gida na nuna wa Inna nawa yatsun. Ta saurara, da safe ta dama koko ta ce in kai masa. Latifa ko kallona ba ta iya yi.

Kwana goma sha bakwai ni ke kwaɓi, Munzali na shafawa. Na koyi ba da ruwa a cokali, na koyi zama ko babu abin faɗa. A ɗakin nan na san mutumin da zan aura.

Ranar Alhamis bayan azahar numfashinsa ya sauya.

"Zulaiha..." ya kira.

Ƙofa na buɗe a bayana.

"Na'am, Baba. Ina nan."

Ban tashi ba har Munzali ya shafe masa idanu. Gemunsa ja ne sosai.

Ranar ƙunshina mai lalle ta zo da nata, mai kyau, na kanti. Na ɗauko ƙullin da ya rage a ɗakin Baba Zailani.

"Wannan ai ba zai kai ƙafa biyu ba, amarya."

"Sa min a hannu kawai," na ce. "Ni zan kwaɓa."