Tashar da Babu Ita a Takarda

Sufeto Tagne bai kai ga fanke na uku ba wayar ofis ta yi ƙara. Duk wanda ya san shi a tashar Zambere ya san ba a shiga tsakaninsa da kwanon fanke da wake, don haka da Sajan Sodea ya ga ya ture kwanon gefe, bai jira umarni ba ya ɗauko hularsa.

"Jirgi ya hau jirgi a kilomita arba'in da bakwai," in ji Sufeto. "Na sauri ya daki Kunkuru ta baya. Akwai gawa."

Kunkuru shi ne jirgin ƙasan kowa da kowa, mai ɗaukar mutum da akuyarsa da buhun rogonsa. Ran nan Alhamis ya makara da awa biyu, abin da bai ba kowa mamaki ba. Shi ya sa ƙaramin jirgin sauri mai zuwa Ngaundare ya biyo bayansa da tazarar rabin awa kacal, a kan layi ɗaya.

Sun isa da azahar. Wurin kwana ce mai kaifi a tsakiyar daji, ba gida ba rumfa. Taragon ƙarshe na Kunkuru ya lanƙwashe kamar gwangwanin da aka taka. A gefen layi an shimfiɗa mutum huɗu, an rufe su da zannuwa. Sufeto mutum ne mai son raha, amma a nan ya cire hula ya daɗe tsaye, zuciyarsa ta yi nauyi ƙwarai.

Kwandastan Kunkuru, wani dogo mai suna Owona, shi ya tarbe su. Fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. A hammatarsa akwai jar tuta, naɗe a sandarta, an ɗaure ta da roba.

"Inji ne ya mutu mana, Shef," ya fara tun kafin a tambaye shi. Shef, wato ranka ya daɗe, haka ake kiran babba a nan. "Muna tsayawa na ɗauki tuta na koma baya kilomita guda, kamar yadda doka ta ce. Na ɗaga, na kaɗa, har hannuna ya gaji. Tsohon nan mai tuƙa na sauri ya wuce ni ko birki bai taɓa ba. Barci yake yi ko idon ne ya ƙare, oho."

"Fuskar fa?"

"Da na rugo da gudu ne na faɗi a kan duwatsun layi."

"Duwatsun nan suna da tausayi," in ji Sufeto. "Ko ƙwarzane babu, sai kumburi. Kawo tutar."

"Kayan aiki ne, Shef."

"Yanzu kayan shaida ne."

Sajan ya karɓe ta ya cusa a jaka. Sufeto ya zagaya taragon da ya lalace yana ƙidaya kujeru, sannan ya dawo.

"Mutum nawa ke cikin nan?"

"A cike yake. Tamanin, ko ma fi."

"Tamanin, amma huɗu abin ya rutsa da su. Sauran suna ina lokacin?"

Owona ya ɗaga kafaɗa. Sai suka bi fasinjojin ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar kasuwa mai ƙiba ta ce fitsari ta sauka yi. Wani malamin makaranta mai tabarau ya ce shi ma haka. Wani soja da ke tafiya hutu ya rantse da kabarin ubansa cewa fitsari ne. Kafin la'asar littafin Sajan ya cika.

"Mutum sittin da uku, Shef, duk a minti ɗaya," ya ce. "Ko dai mu kama mai sayar da kunu a tasha?"

Sufeto bai yi dariya ba, domin a lokacin yana karanta bayanin mamatan. Makaho ne tsoho, da mace mai cikin wata takwas, da wani da aka ɗaure wa karaya a ƙafa, da wata kaka da barci ya kwashe. Duka huɗun waɗanda saukowa daga jirgi ke yi wa wuya ne.

Kafin su koma gari, Kwamishina ya riga ya ba da umarni a tsare direban jirgin sauri. Manya suna son mai laifi kafin labarun rediyo, kuma ga kwandasta ya miƙo musu guda a shirye.

Suka same shi a asibitin mishan, haƙarƙari uku a karye, hannun dama ɗaure da ankwa a ƙarfen gado. Papa Bikoi ke nan, shekara talatin da ɗaya yana tuƙi, saura wata biyu ya ajiye aiki. Idan maganar Owona ta tsaya, a gidan yari zai ƙare tsufansa, da jinin mutum huɗu a kan sunansa. Matarsa, Mama Terez, tana zaune a gefe da tukunyar miyar kifi, tana yi wa 'yan sandan kallon da ko barkono bai kai shi zafi ba.

"Kun zo ku ƙara masa wata a ƙafa?" ta ce. "Ku ɗaure da kyau, kada ya tsere da haƙarƙarinsa a hannu."

"Mama, tambaya kawai muka zo yi. Papa, ka ga tuta?"

"Ɗana, da akwai tuta da na gan ta," in ji tsohon a hankali. "Idon nan yana hango akuya a kan layi tun kafin ita ta san ina zuwa. Ina karya kwana sai ga bayan tarago a gabana. Na ja birki, na danna usur, na kira sunan Allah. Abin da na iya ke nan."

"Me kuma ka gani?"

"Mutane a ƙarƙashin itatuwa, kamar ranar kasuwa."

Suna fita Sista mai kula da ɗakin ta tare su a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Sufeto, shekarata ashirin a aikin nan, ban taɓa ganin haɗarin jirgin da ke harbin mutane ba. Mutum goma sha huɗu na cire wa ƙarin ƙudan zuma yau. Har kwandastan naku, shi bakwai ya samu a fuska."

Washegari da safe makaniki ya aiko da rahoto: injin Kunkuru ya tashi a bugu ɗaya, babu abin da ya same shi. Aka kira direbansa, Hamajoda, gajere mai yawan murmushi. Ya ce ai inji yana da ranakunsa, wani lokaci sai ya huce da kansa. Sufeto ya ce to shi ma ya zauna a bayan kanta ya huce, su za su je su dawo.

A kilomita arba'in da bakwai, yanzu da jama'a suka watse, abin da ƙafafu suka rufe jiya ya fito fili. Wata hanya ce ta gangara daga layi zuwa cikin itatuwa, a daddale sumul, irin wadda ba a yi cikin kwana ɗaya. Sufeto ya lura Sajan yana ta kallon sama, yana neman tsuntsun da babu shi.

"Sodea, kai ɗan ƙasar nan ne. Ina hanyar nan ta nufa?"

"Daji, Shef."

"Sodea."

Sajan ya sosa ƙeya. "Ana cewa akwai masu zuma a ciki. Ana cewa Kunkuru kan ɗan tsaya ranar Alhamis. Ni ji kawai nake yi."

"Zumar da kake kawo mini ta shayi fa, daga ina take?"

"Ai kai ka ce ba ka taɓa shan mai kyau irinta ba, Shef."

Kunya ta kama Sufeto. Shekara biyu ke nan yana lasar shaida kowace safiya bai sani ba.

A ƙarshen hanyar suka tarar da wata tsohuwa, Mama Ndanga, zaune cikin fasassun tuluna, ƙudan zuma suna yawo a kan ɗankwalinta.

"Sannu, Mama. Me kike sayarwa a nan?"

"Gyaɗa."

"Waɗannan da ke kanki fa, masu sayen gyaɗar ne?"

Ta dube shi, ta dubi Sajan, wanda ta sani tun yana yawo ba wando, sai ta saki dariya ta ce su zauna. Shekara shida ke nan Kunkuru yana tsayawa nan kowace Alhamis idan zuma ta nuna, minti goma sha biyar, kowa ya sauko da kwalbarsa. Ƙauyuka uku da wannan tsayawar suke ci. Jiya da ƙarar karon ta tashi mutane suka tattake tuluna da sabuwar saƙar zuma, ƙudan suka huce a kan kowa.

"Kwandasta ya sauko nan jiya?"

Dariyar ta ɗauke. "Idona ya tsufa, ɗana. Ban ga kowa ba."

Ba su sami fiye da haka ba. A hanyar komawa Sufeto yana ta tsaki. Ya tabbatar ƙaryar inji ce, amma wannan ba zai kwance Papa Bikoi ba. Owona zai iya cewa ya kai tutar, harbin kuma bayan ya dawo ya same shi. Babu fasinjan da zai tona, domin kowa da kwalbarsa a jaka.

Suna shiga ofis Sajan ya fara faɗa da mai shara. Kiyashi ne suka yi layi tun daga taga, suka bi bango, suka haye kabad, suka shige ta ƙasan murfi.

"Bar su," in ji Sufeto. "Su ma bincike suke yi. Bi bayansu mu ga."

Layin ya ƙare a jakar shaida. Sajan ya zaro tutar, ya cire robar, ya warware ta a kan tebur da ƙyar, domin ta manne da kanta. Sufeto ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a naɗe ta a tafi asibiti, yau ce ranar da Owona zai koma a duba masa fuska.

A ɗakin Papa Bikoi suka sa aka kawo shi. Ya shigo da auduga a kunci, ya ƙi kallon gadon. Sufeto ya shimfiɗa tutar a kan teburin magani.

"Taka ce?"

"Tawa ce, Shef."

"Wadda ka kaɗa har hannunka ya gaji?"

Owona ya dubi danƙon zumar da ɓarɓashin kaki da mataccen ƙuda guda a tsakiya. "Bayan haɗarin ne ta faɗi cikin zumar da ta zube."

"Ta faɗi da dabara ke nan. Gefe ɗaya kawai ta ɓaci, kuma a tsakiya, ko ƙasa ba ta ɗauka ba. Dubi kusurwoyin nan huɗu yadda suka murɗe. Uwata haka take ƙulle ƙosai a ɗankwali. Owona, wannan tutar ba a kaɗa ta ba jiya, ƙunshi aka yi da ita."

Mama Terez ta ajiye cokalin da ke hannunta.

Owona ya zauna a ƙasa. "Kullum ina zuwa, Shef. Shekara shida ban taɓa fashi ba. Ni nake komawa baya da tuta, Hamajoda ya sayo mini tawa. To kullum sai ya kawo mini ta ƙasan tulu, mai ruwa-ruwa, tasa kuwa kamar man shanu. Jiya na ce yau da idona zan zaɓa. Minti biyar kawai. Ba ni da kwalba, Mama Ndanga ta ba ni saƙa, sai na shimfiɗa tutar."

"Ka san kun makara? Ka san na sauri yana bayanku?"

"Na sani." Ya sunkuyar da kai. "Ina cikin ƙulli na ji usur."

"Sannan ka zubar da saƙar, ka naɗe tutar, ka ɗora wa tsoho."

Owona ya fashe da kuka.

Sufeto ya juya ga Sajan. "Buɗe wa Papa hannu. Hamajoda kuma ya ci gaba da hucewa, tare za su je kotu."

Mabuɗi ya juya, ankwa ta faɗo. Mama Terez ta kama hannun mijinta tana murza wuyansa, tana zagin Kwamishina da duk danginsa cikin farin ciki, har ta ce wa Sajan idan ya gama ya dawo ya sha miya. Shi kuwa Sajan ya ɗaga Owona ya maƙala masa ankwar tun ɗumin jikin tsohon bai bar ta ba.

Sun kai ƙofa Papa Bikoi ya ɗaga hannun da aka kwance.

"Ɗana."

Owona ya tsaya, bai juyo ba.

"Ba sai ka yi kilomita ba," in ji tsohon, ba tare da fushi ba. "Da bakin kwanar nan kawai ka taka, taku ɗari uku, da na tsaya."

Sajan ya kama shi a gwiwar hannu suka fita.