Muryar Baba Daga Bayan Shinge

Zinariya tana tsince shinkafa a ɗakin Inna Rakiya, can saman wani tsohon bene a unguwar Tandabawi ta Makka, sai ga Hajiya Ramlatu ta hawo tana haki. Hajiya ita ce mahaifiyar Hafizu, saurayin da ya shekara biyu yana neman Zinariya, kuma ba mace ba ce da za ta hau bene hawa huɗu don gaisuwa kawai. Ko ruwan da aka ajiye mata ba ta kalla ba ta fara.

Maganar dai ta kullum ce, maganar waliyyi. An shirya komai, saura a ji daga bakin uban yarinya. Shi kuwa Malam Issoufou yana can gida, a Tungar Mailafiya, wani ƙauyen bakin iyaka da aka zagaye da shingen ƙarfe tun da rikici ya ɓarke. Ƙofa ɗaya ce, a buɗe da hantsi, a rufe kafin la'asar, kuma ba mai fita sai da takarda. Gonaki suna waje, kasuwa tana waje, har tudun da ake hawa a sami sabis ɗin waya ya faɗa waje. Wata goma sha ɗaya ke nan Zinariya ba ta ji muryar ubanta ba.

Hajiya ta ce ta tambayi malamin unguwa, ya tabbatar mata in uba ya yi nisa ana iya naɗa wani.

"Khalas, ya binti, ya isa haka, 'yata," in ji ta. "Ba za mu tsufa muna jiran mutumin da aka kulle kamar kaza a akurki ba. Daga yau zuwa a sauko daga Mina. In ba a ji shi ba, ko ki yarda a naɗa wani, ko in nema wa ɗana wata."

Zinariya ba ta ɗago ba, hawaye ne kawai ke ɗiga cikin shinkafar. Ta san malamin bai yi ƙarya ba. Amma ranar da Inna Rakiya, ƙanwar mahaifiyarta, ta ɗauko ta tana 'yar shekara goma sha biyu bayan rasuwar uwar, Baba ya rako su har bakin mota, bai da ko ɗankwalin da zai ba ta. Abin da ya ce kawai shi ne ya ba Inna riƙo, amma ranar aure shi zai ba da 'yarsa da bakinsa.

Hafizu ya kira ta da yamma. Haifaffen Makka ne, Hausarsa rabi Larabci, ƙauye kuwa a hoto ya san shi. Ya yi ta rantsuwa yana sonta, amma Umminsa ce, ba ya iya ja da ita. Me zai rage in wani ya tsaya a madadin Baba?

"Hafizu," ta ce, "an raba shi da gonarsa, an raba shi da kasuwarsa, ko kabarin Mamata ba ya iya zuwa don yana waje. Wannan kaɗai ya rage masa. Ni ma in ƙwace?"

Ya ajiye wayar. Daga ranar kiran nasa ya ja baya, kuma abin ya yi mata ciwo fiye da bakin Hajiya.

Wata bakwai da suka wuce ta taɓa ba wani mai umara saƙo ya kai garin da ke kusa da Tunga. Ko ya isa, ko ya manta da shi tun a filin jirgi, Allah ne masani.

Da aikin Hajji ya zo ta sami aikin shara a tantunan Mina, ta roƙa aka kai ta ɓangaren alhazan ƙasarsu. Mutane kamar ƙasa, amma ba ta taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba. Duk tantin da ta shiga sai ta tambaya ko akwai wanda ya fito daga wajen Tungar Mailafiya. Wasu ba su taɓa jin sunan ba. Wani dattijo ya ce ai mutanen can ba sa fitowa ko asibiti, bare Makka. Ta fita ta jingina da tsintsiyarta ta yi kuka mai isarta.

Ranar ƙarshe, ana ta ɗaure kaya, wata tsohuwa ta cafke mata hannu.

"'Yata, ko kin san wata Zinariya 'yar Issoufou?"

Ta ce ai ita ce. Tsohuwar, Zali, 'yar garin da ke kusa da Tunga ce, tana sayar wa mutanen ciki gishiri da sabulu ta ramukan shinge. Da Malam Issoufou ya ji za ta Makka, sai ya miƙo mata wani ɗan ƙulli ta ramin, ya ce in ta isa ta tambayi Zinariya, ai kowa ya san ta. Bawan Allah, a zatonsa Makka ma Tunga ce mai gida arba'in. Ita kuma Zali ta ɗauki maganar da gaske, tun saukarta ba baƙar macen da ta gani da tsintsiya da ba ta tare ba.

Cikin ƙullin, an naɗe shi da fata kamar laya, ɗan memorin waya ne.

Washegari da hantsi aka taru a ɗakin Inna Rakiya, har da malamin unguwa da Hajiya Ramlatu, wadda ta zo da shirin musu. Hafizu ya sa memorin a wayarsa. Aka fara jin iska da kukan awaki, sannan murya ta fito, ta tsufa sosai.

"Zinariya, Babanki ne. Saƙonki ya iso. Na je ƙofa sau tara in hau tudu in kira ki, ba su ba ni takarda ba. Ga liman, ga mai gari, su ne shaidu. Na ba Hafizu aurenki, na wakilta malamin unguwarku ya ɗaura. Ki yafe mini, ban da abin da zan aiko miki. Na san za a ce ki bar jirana. In kin gaji kin yarda, ban riƙe ki ba. In kuwa kin jira ni, 'yata, to yau na fita daga shingen nan."

Shaidun suka faɗi sunayensu. Daga nesa aka ji ƙarar ƙarfe ana jan ƙofa, maganar ta yanke.

Abin mamaki, Hajiya Ramlatu ce ta fara fashewa da kuka. Shekara talatin da ɗaya rabonta da gida. Ita ma a nan aka naɗa mata waliyyi don a huta da jira, kuma mahaifinta ya rasu yana tambayar wa ya ba da 'yarsa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai ranar.

Ta jawo Zinariya jikinta. "Ki yafe mini kazar da na ce. Kin yi abin da na kasa."

Hafizu ya kasa haɗa ido da Zinariya, sai haƙuri yake bayarwa da Hausarsa mai ɗingishi.

An ɗaura aure kafin Zali ta tashi, aka naɗi ɗaurin auren a memorin nan, aka mayar cikin fatarsa, don ta miƙa ta ramin da ya fito. Haƙuri bai rushe shingen Tunga ba, har yanzu Baba yana ciki. Amma 'yar da ta riƙe darajar ubanta lokacin da duniya ta rage masa ita, ta sami mijinta, ta kuma sami albarkar da naɗaɗɗen waliyyi ba ya iya bayarwa.