Ruwan da Ya Kusa Kashe Ƙariyata

Wai ku bakinku ba ya gajiya da tambaya? Na ce kada a zuba wa shukar nan ruwa, sai kun ji dalili? To, ku zauna.

Sunanta ƙariya. Gindinta kamar tulu, furenta ja-ja. Da rani take fure, lokacin da ko ganye babu a jikinta. Daga gidanmu na Kanya Babba na taho da ita Kazaure. Mahaifiyata ce ta ba ni da hannunta.

Bara waccan gwaggonku Rahamatu ta haihu a Roni. Na tafi, sai da aka yi arba'in na dawo. Na bar yayarku da kula da tsakar gida. Tana aji biyar lokacin.

Ina shigowa na ga ƙasar tukunyar da ƙariyar take ciki ta zama taɓo. Na danna gindin. Yatsana ya shige kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. Wari ya buso. Na yi salati, ƙullin kayana ya faɗi ƙasa.

Na tambayi wanda ya yi wannan aiki. Yayarku ta ce ita ce, har da murmushinta. Wai ta ga ganyen ya zube, ta ji tausayi. Wai malaminsu ya ce shuka tana son ruwa kullum. Buta biyu da safe, biyu da yamma, kwana arba'in!

Na ce, "Ke, wa kika tambaya?"

"Ba kowa, Kaka."

"Ni ban shiga aji ba, amma na san wannan a gindinta take ajiye ruwanta. Kin shaƙe ta."

Ta taɓa da kanta. Ta ja da baya, ta fashe da kuka. Ban lallashe ta ba, wuƙa na miƙa mata. Reshe ɗaya ne ya rage mai lafiya. Ta yanko shi. Na sa ta wanke hannu da sabulu, don ruwan jikinsa dafi ne. Ya sha inuwa kwana bakwai, sannan ta dasa shi a yashi.

Malamin ma ya zo da ya ji labari. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce wallahi shi ma bai sani ba.

Wata uku reshen nan kamar itacen girki. Kullum sai ta leƙa, ba ta taɓawa sai ta tambaye ni. Ranar wata Juma'a ta shigo ɗakina a guje. Ya tsiro! Bana ga shi da fure huɗu.

Don haka ku ji. Son taimako kaɗai bai isa ba. Abin da ba ku sani ba, ku tambayi wanda ya sani kafin ku sa hannu.

Kai Jalaluddeen, ajiye butar nan, ina ganinka. Ku tashi ku kwanta.