Muryar da Ba a Buɗe Ba

Ina tura keken kaya a filin ajiye motoci na babban kanti a Alice Springs na ji muryar Babana.

Cak na tsaya.

Babana da muka binne kafin shigowar sanyin bana...

Daga wata farar mota take fitowa, gilasai a sauke, samari biyu suna kaɗa kai. Gitar nan tasa ce, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ja baiti. A wurinmu, mu 'yan asalin ƙasar nan, idan mutum ya rasu ana rufe sunansa, a kife hotonsa, ba a ƙara jin muryarsa sai ranar da manyan gida suka buɗe. Ni 'yar cikinsa ma ban sake furta sunansa ba.

Wasu mata 'yan garinmu da ke zaune a gindin bishiya suka toshe kunnuwa, suka ɓarke da kukan makoki.

"Ku kashe! Don Allah ku kashe!" na ce.

"Lafiya, 'yammata?" in ji direban yana dariya. "Sabon faifan Jar Hanya ne fa! Yau suka sake shi kyauta. Ji tsohon nan, ai shi ne..."

Kafin ya faɗi sunan na kwasa da gudu, na bar kayan a wurin.

Ina shiga mota wayata ta yi ƙara. Yayana Clinton ne.

"Delvene, ina saurayin nan naki?"

"Yaya, tsaya ka ji..."

"Umma ta ji a wayar yara, ta yanke jiki ta faɗi. Kin ji? Faɗuwa ta yi! Ga ni nan a hanya."

Ƙit ya kashe.

Rohan shi ke haɗa wa ƙungiyar Jar Hanya sauti, ƙungiyar kiɗan rok ɗin da Babana ya yi wa waƙa tun ba a haife ni ba. Ɗan Adelaide ne, mai sanyin magana, kuma ina sonsa kamar raina. Da hannuna na damƙa masa waƙoƙin Baba na ƙarshe ya ajiye. Ba irin gargaɗin da 'yan gidanmu ba su yi min ba, sun ce Bature ne, ba zai taɓa ganewa ba. Na rantse musu zai gane.

Ban san yadda na isa situdiyo ba. Ƙofar cike take da masoyan ƙungiyar, yawancinsu masu furfura, sanye da tsofaffin rigunan Jar Hanya da suka koɗe, suna dukan ƙyaure.

"A dawo mana da shi!"

"Wa ya ba shi izinin cirewa?"

Na zagaya ta baya na shiga.

Rohan na tsaye gaban na'ura, a firgice.

"Masoyiyata..."

"Kar ka taɓa ni! Me ka yi, Rohan? Me ka yi mana?"

"Na rantse miki na cire muryarsa. Wanda na miƙa kiɗa ne zalla a gurbinsa. Ina ganin abin da ya faru na cire faifan daga intanet gaba ɗaya, shi ya sa suke neman kaina."

"Ni na mayar da ita."

Bronte ce, mai tallata ƙungiyar, ta harɗe ƙafa tana latsa waya. Ta daɗe tana yi wa Rohan kallon da na sani, ni kuma tana min kallon ƙurar da ta shigo da takalmi.

"Kin ga abin da mutane ke rubutawa kuwa? Kuka suke don murna! Babanki na duniya ne, ba naku ku kaɗai ba." Ta juya ga Rohan. "Na faɗa maka, dangin nan ba za su taɓa barin ka ka yi aiki ba."

"Fita," ya ce a hankali. "Fita, Bronte."

Sai na ji ƙarar birki. Na san motar, ta Yaya ce.

"Rohan, bi ta baya ka gudu! Don girman Allah, zuciyata, ka gudu... Yaya ba ya cikin hayyacinsa!"

"In na gudu, na rasa ki ke nan."

Ya nufi ƙofar gaba ya buɗe.

Yaya Clinton ya sauko daga mota da ƙarfen kwance taya a hannu, idanunsa jawur. A bayansa Goggo Mavis, yayar Baba, tana dogara sanda, gashinta a aske irin na masu makoki. Na bi Rohan waje da gudu.

Rohan ya tsaya tsakanin Yaya da taron, ya juya wa ƙarfen baya.

"Ni na cire faifan," ya ce da ƙarfi, "kuma ba zan mayar ba. Iyalinsa ba su buɗe muryarsa ba. Duk wanda ya sauke waƙar nan, ina roƙonsa kar ya kunna."

"Kyauta aka ba mu, namu ne!" wani ya yi ihu daga baya.

Ban ga hannun da ya wurgo kwalbar ba. Ƙararta kawai na ji a goshin Rohan.

"Wayyo Allah! Rohan!"

Ya durƙusa, jini na bin fuskarsa. Na rungume kansa ina kuka, ina jiran saukar ƙarfen Yaya a kanmu. Sai na ji ya faɗi ƙasa, ƙwal! Yaya ya tsallake mu ya tsaya a gabanmu, ya ware hannuwa.

"Wanda ya isa ya sake jifa!"

Goggo ta tako a hankali.

"Kuna sonsa?" ta tambaye su. "Mu ma muna sonsa. Ku a faifai kuka san shi, ni a bayana na goya shi. Ku bar shi ya huta ya isa inda za shi. In lokaci ya yi, ni da kaina zan ba ku."

Wani ƙato mai farin gemu ya cire hula. Ya ciro wayarsa, ya goge waƙar a gaban Goggo, hawaye na shiga gemunsa. Na kusa da shi ma ya yi haka. Wasu kam suka tafi suna zage-zage, kuma har yau akan tsinci waƙar a wata motar, in toshe kunne in wuce.

Yaya ya cire rigarsa ya danna wa Rohan a goshi, ba tare da ya kalle shi ba.

"Riƙe nan, kai. Kanka kamar dutse."

Goggo ta sunkuyo ta daɗe tana duban Rohan.

"Gobe ka zo zaman makoki, ka miƙa wa kowace mace hannu, ba magana. Ka fara da uwarta."

"To, Goggo."

"Waƙoƙin kuma ka ci gaba da ajiyewa."

Na ɗago da sauri. "Goggo... shi?"

"Wa kuma? Ranar da muka buɗe sunan, ba a waya za a fara jin ƙanena ba." Ta share min hawaye da tafin hannunta. "A ɗaurin auren 'yarsa zai fara waƙa."