Igiyar Labbo

"Jibi za mu tashi, Saude."

Saude ta sauke tulu a bakin rafi, ta zuba wa Labbo ido. Ai ta sani. Shanun su Labbo sun cinye karan gonakin Karakkai tas, kuma a wannan shekara da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa burtalinsu wajen Gusau, mahaifinsa ya rantse in sun gangara kudu ba su ƙara dawowa.

"To mi kake so in yi? In bi ka, in bar Inna ga wa?"

"Ni kuwa in bar shanu ga wa? Baffa ya tsufa... Ki yarda a ɗaura mana aure gobe, farin cikina!"

Gaba kura ke nan, baya sayaki. Inna Kulu makauniya ce, ba ta da kowa duk duniya sai wannan 'ya tilo.

Da Saude ta koma gida, ashe tsohuwa ta daɗe da gane komai.

"Ki tafi, ɗiyata. Ni ba jinjira ba ce! Ku ja mani igiya daga ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa murhu, ki ga ikon Allah."

Labbo ya kwanto igiyar da suke ɗaure maruƙa da ita, ya ja ta a tsakar gida. Inna ta bi ta har randa, ta ɗebo ruwa tana dariya. Daɗi ya kusa kashe Saude.

Washegari da hantsi ta dawo daga ƙunshin lalle, ta tarar da kunu malale a ƙasa, Inna zaune ta cusa hannu cikin zane.

"Mu ga hannunki."

"Ba komai..."

"Inna!"

Fatar ta saluɓe har wuyan hannu. Igiya ta kai ta murhu, amma ba ta nuna mata inda tukunya take ba.

"Kada ki faɗa mashi," Inna ta ce cikin raɗa. "Don Allah ki tafi."

Labbo na tsaye a bakin zaure. Ya riga ya gani.

"Zan dawo da damina, Saude..."

"Kada ka ɗauki alkawarin da shanu ba za su bari ka cika ba."

Ya kai hannu zai kwance igiyarsa, sai ya fasa.

Da safe Saude ta tsaya jikin darni, jan lalle a hannu, tana sauraren kukan shanu yana nisa, hawaye har haɓa.

"Saude... kina nan?"

"Ina nan, Inna."